Faifan Kyauta Gyartai

A Madarunfa ba wanda ya fito daga Madarunfa. Ka tare kowane magidanci a bakin kasuwa ka tambaye shi asalinsa, zai gyara zaman hula ya ce maka kakansa daga Katsina ya zo, kakan kakansa kuma daga Gabas, in ka ƙara masa da goro sai ya kai ka har Bagadaza. Hatta mai gyaran kifi a bakin tafki yana da wani kaka da ya taɓa riƙe wa sarki linzami. Ita ƙasar tamu, ga alama, ba ta taɓa haihuwar kowa ba, saukar baƙi kawai take yi.

Mutum guda na sani da ba shi da irin wannan kaka, shi ne Kyauta gyartai. Ni sunana Shu'aibu, tela ne, kekena yana rumfar da ke kan hanyar kasuwa, tabarmar Kyauta kuma tana dab da ƙafar keken. Shekara da shekaru muna nan, ina ɗinkin tufa yana ɗinkin ƙwarya, har roba ta shigo daga Najeriya ta kashe masa kasuwa, ya koma yana liƙe fasassun robobi da ƙarfe mai zafi, hayaƙin yana shiga mini ido, ina zaginsa yana dariya. Gajere ne ƙwarai, in ya hau kujera ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Kai kuwa, Allah ya ba shi da yalwa. Ranar da na ɗinka masa hula sai da na ƙaro ƙyalle.

Tsintarsa aka yi. Wata shekarar yunwa, tun zamanin Nasara, lokacin da mutane ke kwarara kudu da ƙafa, wata tsohuwa mai suna Inde, daga cikin Anna masu bin addinin kaka da kakanni a wajen garin Sarkin Yamma, ta fita neman ganyen da za ta dafa. Ta tarar da jariri a gindin gawo bakin hanya, an kare masa fuska da faifai don kada rana ta ƙona shi. Shekarar nan ba shi kaɗai aka bari a hanya ba. Inde ba ta da ɗa, ta ɗauke shi, ta sa masa suna Kyauta, ta raine shi da kunu da nonon akuya. In ya dame ta da tambayar wa ya haife shi, sai ta ce, "Daga bisa ka hwaɗo, ci tuwonka." Da ta mutu ya tattaro basillarsa ya shigo gari, ya kama salla, ya yi aure, ya haifi ɗa ɗaya tilo, Nasiru. Salla dai an yarda ya yi, sahun gaba ne ba a cika matsa masa ba.

Nasiru ya girma yana kabu-kabu da moto, wato babur, tsakanin Madarunfa da garin Ɗan Isa. Yaro ne mai hankali, dogo kuma, don uwarsa ya biyo. A wannan kai da kawo ya haɗu da Zuwaira, ɗiyar Alhaji Inusa mai canji a bakin iyaka, wanda gidansa ke nan cikin gari da shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Suna son juna, kowa ya sani. Aka aika a ji ta bakin Alhaji, amsa ta dawo: "Yaro kam ba ya da laihi. Amma mu gidanmu ba a ba da ɗiya sai an san tushe. Uban nai shi zo shi hwaɗa muna ɗan wa ne."

Shi Alhaji Inusa, asalin gidansu yana tashi ne tare da kasuwar canji. Da na san shi kakansa dogari ne a Katsina. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa kakan ya wayi gari ɗan sarki.

Nasiru ya ce wa ubansa in aka hana shi Zuwaira zai sayar da moto ya tafi Ikko, kuma ba zai sake tako Madarunfa ba. Ba barazana ba ce, yaron ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Kyauta ya daina dariya. Ina kallonsa yana huda ƙwarya a inda ba ta fashe ba, har raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga.

Cikin masu kawo masa aiki akwai uwar Alhajin, Hajiya Ɗelu, tsohuwar da ba ta yarda da roba ba, ta ce fura ba ta daɗi a ciki. Tun daga nesa za ka ji ta: "Kyauta! Kai Kyauta mai kan tulu!" Sunan nan ta fi kowa iya kiransa, sai ka ce ita ta raɗa. Bahaguwa ce, duk dukan da ta sha tana yarinya bai raba ta da hagu ba. Za ta miƙo ƙwarya da hagu, ta tuna, ta mayar dama, sannan ta nuna masa tsagar da hagun dai. Ko a makon da maganar aure ta taso ta zo, ta ce masa, "Kyauta, kai ma dai da neman wuri. Ku nemi daidai ku mana."

A lokacin malaman lakwal, wato makarantar boko, suna wani yajin aiki da ya ƙi ƙarewa, Mushe Yusuf kuma, ɗaya daga cikinsu, ya mayar da rumfata ofis. Wani Nasara da ya yi aiki a Maraɗi ya bar masa tulin tsofaffin mujallu na Faransanci, kullum sai ya zo da ɗaya ya karanta mana yana juyawa da Hausa. Mun ji labarin kifin da ya fi kamyo mai ɗaukar kaya girma, mun ji na matar da ta auri kare a wata ƙasa. Wata ranar Laraba ya zo da wani sabo.

Wai can gabas mai nisa, a duwatsun Himalaya inda ƙanƙara ba ta narkewa, akwai wasu mutane ana ce musu Kham. Wai shekaru dubbai da suka wuce wani abu ya faɗo ƙasarsu daga sama, da wasu halittu a ciki, gajeru masu manyan kawuna. Abin ya lalace, suka kasa komawa gida. Mutanen wurin suka tsorata da kamanninsu, suka yi ta korarsu, daga baya dai suka haƙura da su. Wai baƙin sun bar labarinsu a jikin wasu duwatsu masu faɗi, rubutun yana zagayawa daga cibiya zuwa baki.

Kyauta ya ajiye basilla. "Mushe, wane irin abu ne ya hwaɗo?"

Mushe ya sosa ƙeya. Ya ce Nasara suna kiran abin da sunan ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi a kai. Mu kuwa shayinmu a hannu muke riƙe shi, ba wanda ya gane. Ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan ƙwaryar Balaraba mai fura, da murfinta a kai.

"Kamar faifai ne," in ji shi. "Faifai mai tashi."

"Duwatsun hwa?"

"Su ma dai faifai ne, na dutse."

"Mutanen mi ka ce sunansu?"

"Kham."

"Kam?"

"Kam."

Don Allah kada a zalunci Mushe Yusuf. Ya yi bayani. Ya ce mutanen Kham dai suna nan da ransu, makiyaya ne da manoma a kan duwatsu, suna da harshensu da addininsu, kuma mai yiwuwa ba su taɓa jin wannan labari ba. Sauran kuwa, in ji shi, ƙarya ce wani ya zauna ya ƙaga don a sayi mujalla. Amma Kyauta ya riga ya yi nisa. Idonsa na kan faifan Balaraba har ta tsargu ta ɗauke ƙwaryarta.

Washegari ya zo da wani ƙunshi a hammata. Ya kwance zane, ya kwance wani zanen, sai ga tsohon faifai, kabarsa ta yi baƙi, jan da aka yi masa ado da shi ya koɗe. Wanda aka tsince shi da shi ne. Inde ta adana shi a tukunya da toka don gara, shi kuma bai taɓa nuna wa kowa ba, ko matarsa.

"Dibi nan, Shu'aibu," in ji shi. "Gajere mai babban kai, ka gan ni. Faifai, ga shi. Inde kuma da bakinta ta ce daga bisa na hwaɗo. Yanzu dibi ɗinkin. Duk faifan duniya gefe guda yake zagayawa. Wanga baya ya bi. Wa ka ɗinki haka bisa ƙasa?"

Na karɓi na Balaraba na gwada, na aro wani a maƙwabta na sake gwadawa. Ɗinki sana'ata ce, ba zan yi ƙarya ba: na Kyauta a juye yake tafiya, kowane kushe ya kwanta ta wancan gefen. Na ce masa wannan bai nuna komai ba. Ya ce to in faɗi abin da ya nuna. Na miƙa masa faifansa.

Kafin la'asar rumfata ta cika, ba kuma don ɗinki ba. Wani ya ce, to in shi ne baƙon, ina mutanen Kam ɗin?

"Ku ne mana," in ji Kyauta.

"Ni kam ban taɓa jin shirme irin wanga ba!"

"Kun ji ko?"

"Mu kam Katsinawa ne!"

"Kun sake ji?"

Aka fashe da dariya, amma daga ranar kalmar ta zame wa gari ƙaya a baki. Mutum zai fara magana, ya zo kanta, ya yi tuntuɓe. Abdu mai shayi ya rantse zai yini bai faɗe ta ba, kafin hantsi aka ji shi yana cewa, "Yau kam na yi ƙoƙari." Da aka tambayi Kyauta ina duwatsun ƙanƙarar a Madarunfa, inda ƙwai ke dahuwa a aljihu, ko ƙyafta ido bai yi ba. Ya ce, "Zahi ya narkar da su. Tabkin ga daga ina kuke tsammani ya zo?"

Ni haushina ba da Kyauta ba ne, da masu dariyar ne. Mutumin da kakansa bai taɓa wuce garin Gabi ba yana ce mana daga Bagadaza suke, ba wanda ya tambaye shi da wace mota. Kyauta ya ɗan ƙara nisan tafiyar kawai, shi ke nan ya zama mahaukaci. Amma ina jin tsoro, don na san inda zai kai maganar. Na roƙe shi. Na ce mu je mu faɗi gaskiya, Inde ta raine shi, shi ke nan, mu bar wa Allah saura.

"Raino na sunka tambaya?" in ji shi. "Tushe sunka ce. Kowa ya kai nashi anka karɓa. Ni ma in kai nawa."

Muka tafi bayan la'asar, ni da shi da yayan matarsa, wanda kowa ke kira Kawu. Kawu tun a hanya yake karanto addu'ar neman sutura. Alhaji Inusa ya karɓe mu a zaure da ƙannensa biyu, an shimfiɗa darduma sabuwa don mu san inda muka zo. Aka gaisa, aka sha ruwa. Alhaji ya fara da ba mu tarihin gidansu, ranar ma har an sami wani waliyyi a ciki da ban taɓa jin labarinsa ba. Sannan ya ce, "To Kyauta, muna saurare."

Kyauta ya kwance zanensa ya faɗi komai, tun daga duwatsun ƙanƙara har zuwa gindin gawo. Kawu ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Ƙannen Alhaji suka yi ta danne dariya har ɗaya ya shaƙe da ruwa. Shi Alhaji bai danne ba, ya yi ta son ransa, ya share hawaye da hannun riga, ya ɗaga faifan da yatsa biyu ya miƙa ta ƙofar cikin gida.

"A kai ma Hajiya," in ji shi, "ta ga jirgin da surukinmu ya zo ciki."

Muka ji mata sun kwashe da shewa a tsakar gida. Na kalli Kyauta, na ce a raina Nasiru ya tafi Ikko ke nan. Sai shewar ta fara raguwa, ta ragu, ta mutu. Ba a daɗe ba labulen ƙofar ya motsa, Hajiya Ɗelu ta fito, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba. Faifan yana hannunta na hagu, babban yatsanta a kan cibiyarsa, yana bin ɗinkin a hankali ta gefen da ɗinkin ya bi.

Ba ta kalli Kyauta ba. Ni ta kalla.

"Shu'aibu, tambayam mini shi, ina anka tsince shi?"

Mutum yana zaune gabanta, taku biyu, amma ni aka aika. Na tambaye shi. Ya ce gindin wani gawo, kan hanyar kudu, wajen Sarkin Yamma.

"Tambaye shi, bisa huska anka aza mishi shi?"

"Ba a aza ba," in ji Kyauta. "Inde ta ce da kara anka tokare shi."

Hajiya ta ce, can ƙasa-ƙasa, kamar da faifan take magana, "Don kar shi danne mishi hanci."

Kowa a garin ya san Hajiya ba a nan aka haife ta ba, ya kuma san ta taɓa wani aure kafin uban Alhaji, mijin ya tafi kudu shekarar yunwa bai dawo ba. Abin da ba a taɓa tambaya ba shi ne ko auren ya bar wani abu.

"Hajiya," in ji Alhaji, "mi ke nan?"

"A ba su."

"Amma maganar tushe..."

"Ya hwaɗa muku tushe nai. Daga bisa ya zo. Ni na shaida." Ta ajiye faifan a kan darduma da hannu biyu, ta koma ciki.

Alhaji Inusa mai canji ne, kansa yana da sauri. Na ga idonsa ya bi hannun hagun uwarsa, ya dawo kan ɗinkin, ya tsaya kan ƙaton kan Kyauta. Abu biyu ne a gabansa: ko dai uwar jikan sarki ta taɓa barin jariri a bakin hanya kuma gyartai yayansa ne, ko kuma faifai yana tashi. Bai ɓata lokaci ba.

"Allah mai iko," in ji shi, yana gyara murya. "Ai dama an ce akwai halittun da ba mu sani ba."

"Ƙwarai kam," in ji ƙannensa.

Aka ɗaura aure bayan kaka. Maroƙi ya yi wa ango kirari da jikan sama, ba wanda ya yi dariya, don Alhaji yana zaune. Daga nan ma ba wanda ya kai Alhaji riƙo da labarin. A Ɗan Isa yana ba abokan ciniki shi da ƙari, har da launin faifan da ƙarar da ya yi da zai sauka. Mushe Yusuf ya je ya same shi da taswira zai nuna masa inda mutanen Kham na gaskiya suke, Alhaji ya ce kada ya sake zuwa yana zagin surukansa. Mutanen can na kan duwatsu, Allah ya ba su haƙuri, suna kiwon dabbobinsu ba su san an yi musu dangi a Madarunfa ba.

Hajiya Ɗelu kuwa ba ta sake zuwa rumfarmu ba, ba ta kuma sake kiran sunan Kyauta ba. Matar da ke kwaɗa shi tun daga bakin kasuwa, yanzu in magana ta kama sai ta ce "mai ƙorai" ko "wancan". In sun haɗu a hanya ta ja mayafi ta kau da kai. Mutane suka ce tsoronsa take ji, tunda ba ɗan ƙasa ba ne. Haka suka ce, a garin da kowace mace ta san sunan da uwa ba ta faɗi, sunan ɗanta na fari. Duk mun sani, duk mun yi shiru, kuma a ganina wannan ne abin kirki mafi girma da Madarunfa ta taɓa yi baki ɗaya.

Kullum da azahar sai ga akushi daga gidan mai shuɗiyar ƙofa, wai sadakar baƙo. Wata rana akushin ya zo da sabon faifai a kai, ɗinkin ba daidai ba, na tsohuwar da ido ya fara gudu, kuma a juye yake tafiya. Aka dawo karɓar akushi, aka ce faifan a bar shi. Ba a yi wata damina ba bayan wannan Hajiya ta rasu. A maƙabarta ƴaƴanta suka shiga gaba, Kyauta ya tsaya can baya tare da mu, da gajartarsa ko kabarin bai hango ba. Ya yi kwanaki bai fito aiki ba.

Ranar da ya dawo ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ƙwaryar ruwansa, ya rufe ta da sabon faifan. Na yi ta haƙuri har bakina ya gaji. Mu biyu ne kawai a rumfar.

"Kyauta," na ce, "wanga ma daga bisa ya hwaɗo?"

Ya daɗe yana kallon faifan. Ya kai hannu ya gyara masa zama, ko da yake bai karkace ba.

"Shu'aibu, bar mini bisa ta," in ji shi. "Wanda ya hwaɗo daga bisa, ba wanda ya yada shi."

Ya ɗauki basilla ya ci gaba da ɗinkinsa. Ni ma na taka kekena, ba ko zare a allurar.